Abin Da Majigi Ya Nuna, Da Abin Da Ya Tsallake

Ran wata Asabar da dare, cikin zangon karatun da ya wuce, aka nuna mana wani wasan silima a babban ɗakin taro na kwalejin nan, sunansa The Promise, watau Alkawari. Da aka tashi ina tafe a bayan waɗansu ɗalibai, sai na ji gardama ta kaure tsakaninsu. Na kasa kunne, ashe a kan yarinyar cikin wasan su ke yi. Waɗansu suna cewa likita ya kamata ta aura tun da kabilarsu ɗaya, waɗansu suna cewa a'a, ɗan jarida ne ya riga shi. Har muka rabu a mararraba ban ji wanda ya ambaci mutanen da aka karkashe ba. Sai ran Litinin wani ɗan aji biyu ya tare ni a ƙofar ɗakin littattafai, ya ce, "Malam, wai abin nan da muka gani ya auku kuwa, ko duk ƙage ne irin na masu silima?" Na ce masa amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin ƙofa, amma ya saurare ta cikin mujallar kwaleji. To, ga ta.

Da fari sai mu san inda abin ya faru. A littattafai za ku ga ana cewa Daular Usmaniyya. Kada wannan suna ya ruɗe ku, ba ta Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo a ke nufi ba. Ta Turkawa ce, wadda Sarkinta ya ke zaune a Santambul, ta kuwa daɗe wajen shekara 600 tana mulki. Cikin talakawanta akwai wata kabila ta Kirista da a ke kira Armeniyawa. Ba baƙi ba ne, sun riga Turkawa zama a duwatsun gabashin ƙasar da shekaru aru-aru. Yawancinsu manoma ne a ƙauyuka, suna maƙwabtaka da Turkawa da Kurdawa, amma a birane akwai su da attajirai da maƙera da likitoci da malaman makaranta. Kafin yaƙi yawansu a daular ya kai tsakanin miliyan ɗaya da rabi da miliyan biyu. Zaman nasu kuwa ba kullum ya ke da daɗi ba, don an yi musu kisan gilla tsakanin 1894 da 1896, aka kuma yi a Adana cikin 1909.

Sa'ad da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tashi a 1914, Sarkin Santambul suna kawai ya rage masa. Mulki yana hannun wata jam'iyya ta masu kishin Turkanci, manyanta uku: Talat Basha mai kula da al'amuran cikin gida, da Anwar Basha mai kula da yaƙi, da Jamal Basha na jiragen ruwa. Mutanen nan suna cike da tsoro da haushi, domin a yaƙin Balkan na 1912 zuwa 1913 daular ta rasa kusan dukan ƙasarta da ke Turai, Musulmi dubun dubbai suka yiwo gudun hijira, waɗansu an kashe musu dangi, an ƙone musu gidaje. Sai shugabannin suka ƙudura a ransu cewa abin da ya faru a yamma ba zai faru a gabas ba. Suka shiga yaƙi a gefen Jamus. Cikin hunturun ƙarshen 1914 Anwar Basha ya ja runduna ya tafi ya kara da Rasha a wani wuri da a ke kira Sarikamish, sanyi da yunwa da cuta suka cinye mafi yawan sojansa. Da ya komo, maimakon ya ɗauki laifin, sai aka jibga wa Armeniyawa, aka ce su ne suka ci amana. Gaskiya ne akwai waɗansu 'yan sa kai Armeniyawa da suka yi yaƙi tare da Rasha, amma da yawansu talakawan Rasha ne tun asali, Armeniyawan daular kuwa dubbai suna cikin sojan Turkawa suna mutuwa tare da su.

Daga nan abin ya bi daki daki. Aka karɓe bindigogin sojan da su ke Armeniyawa, aka mai da su 'yan aikin hanya da dako, daga baya aka riƙa kashe su ƙungiya ƙungiya. Daren 24 ga Afrilu 1915 aka kama manyansu a Santambul, fiye da mutum 200, marubuta da lauyoyi da limaman coci da wakilan majalisa, aka tura su cikin ƙasa, kaɗan ne suka komo. A ƙarshen watan Mayu aka kafa dokar kwashe mutane. Sai mai shela ya zaga gari ya ce kowane Ba'armene ya shirya, nan da kwana kaza za a tashi. A bayan gari a ware maza a kashe. Mata da yara da tsofaffi kuwa a kora su a ƙasa, kudu, zuwa hamadar Sham. A kan hanya akwai wata runduna ta musamman, wadda har fursunoni aka saki daga kurkuku aka zuba cikinta, tana jiransu a kwazazzabai da mashigin koguna. Masana tarihi sun yi saɓani a kan yawan waɗanda suka mutu, daga 600,000 har zuwa miliyan ɗaya da rabi, amma yawancinsu sun tsaya a kan miliyan ɗaya ko fiye. Wannan shi ne abin da wasan ya ɗauko.

Labarin wasan kansa kuwa kun gani, sai in taƙaita saboda waɗanda ba su je ba. Mika'el saurayi ne mai haɗa magunguna a ƙauye. Ya yi alkawarin auren 'yar wani mai hali, aka ba shi zinariya 400 irin kuɗin da iyayen mace ke bayarwa a can, ya tafi Santambul da su don ya koyi aikin likita. Can ya gamu da Ana, Ba'armeniya wadda ta tashi a Faris, zuciyarsa ta kamu, alhali ga alkawari a gida, ita kuma tana tare da wani ɗan jarida Ba'amurke mai suna Kiris. Yaƙi ya tashi, aka kama Mika'el aka kai shi aikin hanyar jirgi, ya gudu, ya koma ƙauye ya cika alkawari. Bai daɗe ba ya iske an karkashe mutanen ƙauyensu a bakin rafi, har da matarsa da cikin da ke jikinta. A ƙarshe su ukun suka haɗu a kan Dutsen Musa tare da masu kare kansu, jiragen ruwan Faransa suka zo ceto, Ana ta nutse wajen shiga jirgi. Terry George ne ya shirya wasan, shi ne kuma ya yi Hotel Rwanda a 2004. An fara nuna shi a 2016, ya shiga gidajen silima a Afrilu 2017.

Mika'el da Ana da Kiris duk ƙirƙira ce, ba a taɓa yin su ba. Wannan ba laifi ba ne, kowane mai ba da labari yana da izinin haka. Abin tambaya shi ne al'amuran da aka kewaye su da su. A nan sai in gaya wa ɗalibina, kusan kowane mugun abu da ya gani yana da asali a rubuce. Kamen Santambul ya faru. 'Yan aikin tilas a duwatsu sun faru. Kun tuna inda Mika'el ya maƙale a jikin jirgin ƙasa cikin dare, hannuwa suna fitowa ta tsakanin katako suna roƙon ruwa? Hanyar jirgin nan ita ce wadda Jamusawa su ke ginawa zuwa Bagadaza, an kuwa cusa Armeniyawan yammacin ƙasar cikin taragun tumaki a kanta. Abin da wasan bai faɗa ba ma, har kuɗin tikiti aka riƙa karɓa a hannunsu, in an zo inda ba a gama fasa dutse ba kuma su sauka su haye a ƙasa. Wurin nan da Talat Basha ya nemi jakadan Amurka ya kawo masa sunayen Armeniyawan da suka yi inshorar rai a kamfanonin Amurka, wai tun da sun mutu ba magada kuɗin ya zama na gwamnati, na ji waɗansunku sun yi tsaki suna cewa wannan kam an ƙara gishiri. Ba masu wasan suka ƙaga shi ba. Jakadan, Henry Morgenthau, shi ya ba da labarin cikin littafin da ya buga a 1918.

Dutsen Musa ma gaskiya ne. Yana bakin Bahar Rum, kusa da Antakiya. Mutanen ƙauyuka shida, su fiye da 4,000, suka ƙi bin umurnin tashi, suka hau dutsen da 'yan bindigoginsu da awakinsu, suka tsare kansu kwana 53. Suka ɗinka manyan tutoci suka kafa ta wajen teku, har wani jirgin yaƙin Faransa ya hango. Cikin Satumba 1915 aka kwashe su zuwa Bur Sa'id a ƙasar Masar.

To, in haka ne, ina aibin? Ni a ganina yana wurin da ba a kai mu ba. Labarin soyayya yana da tasa doka, ba ya kuwa karya ta don tarihi. Dole masoya su rabu su sake haɗuwa, dole jarumi ya rayu har ƙarshe, dole ya kasance yana da abin yi: ya gudu, ya yi faɗa, ya ceci wani. Saboda haka duk inda Mika'el ya nufa nan idon majigi ya ke bi, Mika'el kuwa kullum yana kan hanyar tsira. Amma mafi yawan waɗanda suka mutu a 1915 ba su sami abin yi ba. Tafiya kawai suka yi. Mace ce da goyo a baya da wani a hannu, an kashe mijinta tun ran fari, tana tafe mako da makonni cikin zafin bazara, an tuɓe mata tufafi, ana hana ta ruwa ko da an zo bakin kogi sai ta biya, yau ta ajiye wannan ɗa a gindin itace don ba ta iya ɗaukarsa, gobe a fizge 'yarta. Wasan ya nuna ayarin nan, amma daga nesa, ta gilashin hoton Kiris, na ɗan lokaci kaɗan, sa'an nan muka juya muka koma wajen masoya.

Ku ɗauki taswira ku auna. Daga Erzurum a arewa zuwa Dairuz-Zur a bakin kogin Furatu, in an miƙe sak, mil 300 ne da ɗoriya, kamar daga Kano zuwa Lokoja. Ayarin kuwa ba su miƙe ba, an bi da su ta duwatsu da kewaye. A kwazazzabon Kemah an zuba mutane cikin Furatu har gawawwaki suka riƙa bin ruwa zuwa ƙasar Sham. Ƙaramin jakadan Amurka a Harput, Leslie Davis, ya hau doki ya zaga wani tafki da ke kusa da garin, ya rubuta cewa ya ga gawa dubbai a gaɓarsa. Waɗanda suka kai hamada da rai aka tara su a sansani sansani a bakin kogi, ba abinci, ba rumfa, zazzaɓi yana ɗibarsu. Cikin 1916 aka canja mai mulkin Dairuz-Zur, wanda ya ɗan sassauta musu, aka kawo wani, aka sake sabon kisa, wanda masana su ke ƙiyasta ya ci wajen mutum 200,000. Duk wannan babi na biyu babu shi cikin wasan. Haka kuma mata da yara dubbai masu yawa da aka raba wa gidaje, aka sake musu suna da addini da harshe, da gonaki da kantuna da gidajen da hukuma ta kafa kwamitoci don rabawa. Mai kallo ya fita da hoton mutum 4,000 da aka ceta a zuciyarsa. In ka jera su kusa da miliyan ɗaya, cikin kowane mutum 250 ɗaya ke nan.

Na san hanzarin masu wasan, ba kuwa na banza ba ne. Sun so a bar yara 'yan makaranta su shiga su gani, don haka suka rage jini. Kuma wa zai biya kuɗinsa ya zauna sa'a biyu yana kallon mata suna mutuwa da ƙishirwa? Soyayyar ita ce zumar da aka shafa a bakin ƙoƙon magani. Sai dai gardamar da na ji a kan hanya daren Asabar ta nuna mini ana iya lashe zumar a bar maganin.

Aibi na biyu ya fi damuna, don ya shafi aikinmu na koyarwa. Wasan ya nuna abin da aka yi, amma bai bayyana dalili ba. Yaron da ya kalle shi ba zai ji labarin Balkan ba, ba zai fahimci tsoron Rasha ba, ba zai san akwai jam'iyya mai sakatarori a larduna da waya mai kai umurni daga Santambul ba. Zai ga mutane masu jar dara da muguwar fuska suna kashe mutane masu kyakkyawar fuska, shi ke nan. Daga nan kuwa taki ɗaya ne ya ce, to, ai Musulmi ne suka kashe Kirista, ko kuwa, in shi Musulmi ne, ya ce Turawa ne suka shirya ƙarya don su ɓata Musulmi. Duka biyu kuskure ne, a ƙasa irin tamu kuma kuskure ne mai tsada. Ba na cewa addini bai shiga ba. An yi shelar jihadi a Nuwamba 1914, an kuma yi amfani da ita wajen zuga jahilai. Amma waɗanda suka tsara abin ba malamai ba ne, 'yan siyasa ne masu son ƙasa ta zama ta kabila guda, abokan yaƙinsu kuwa Jamus da Ostiriya ne, ƙasashen Kirista, waɗanda jakadunsu suka san abin da a ke yi, gwamnatocinsu suka kau da kai.

Akwai kuma Musulmin da suka ƙi. Wasan ya ba mu guda ɗaya na ƙirƙira, Emre abokin Mika'el, wanda aka harbe saboda taimakon da ya yi. Na gaskiyan sun fi shi ban mamaki. Jalal Bey, Gwamnan Halab, ya ƙi kwashe mutane, aka ɗauke shi aka kai Konya, can ma ya tsare dubbai, aka tuɓe shi. Mazhar Bey na Ankara ya ƙi, aka tuɓe shi. Husaini Nasimi, hakimin wani gari da a ke kira Lije, ya ƙi, aka kira shi zuwa Diyarbakir aka kashe shi a hanya. Kurdawan Dersim da Larabawan hamada sun ɓoye mutane da yawa. Har sai da kwamandan rundunar gabas ya ba da oda cewa duk Musulmin da ya ɓoye Ba'armene a rataye shi a ƙofar gidansa, a ƙone gidan. Ku tsaya ku yi tunani a kan odar nan. Ba a kafa irin wannan doka sai in masu ɓoyewar suna da yawa, ba a kuma tuɓe gwamna don ya ƙi aikata abu sai in daga sama aka umurce shi. Labarin mutanen nan shi ne babbar shaidar cewa shiri ne na hukuma, shi ne kuma ya wanke talakan Baturke daga a yi masa kuɗin goro.

Don ku ga yadda zaɓen wurin tsayawa ya ke sarrafa labari, bari in kawo muku wani wasan. Wata ɗaya kafin Alkawari ya fito, a Maris 2017, aka fitar da The Ottoman Lieutenant, watau Laftanan na Turkawa, wanda aka yi da kuɗin masu jari na Turkiyya. Shi ma mace ɗaya ce tsakanin maza biyu. Wata ma'aikaciyar jiyya ce Ba'amurkiya ta tafi asibitin mishan a garin Van, ta rasa wanda za ta zaɓa tsakanin likita Ba'amurke da wani hafsan Turkawa kyakkyawa. Ga dawakai, ga duwatsu, ga tafki, abin sai wanda ya gani. A ciki an nuna ana kashe Armeniyawa, ba a ɓoye ba. Amma waɗansu sojoji ne marasa ɗa'a su ke yi, hafsan kirki kuma ya zo ya hana. An nuna Armeniyawa suna tara makamai suna jiran Rasha. Mai kallo zai tashi da cewa yaƙi ne, kowa ya taɓa kowa, Allah Ya kyauta.

Abin lura shi ne, da wuya ka ɗora yatsa a kan wuri guda ka ce nan ƙarya ce tsagwaronta. Armeniyawan Van sun ɗauki makamai, haka ne, daga 20 ga Afrilu 1915 har Rasha ta iso bayan kamar wata guda. Musulmin gabas sun sha wuya, haka ne, an kuma kashe da yawansu da hannun Rasha da na Armeniyawa masu ramuwa, musamman a 1918. Abin da aka cire shi ne Gwamnan Van, Jaudat Bey, surukin Anwar Basha, ya riga ya fara kashe shugabanninsu da mutanen ƙauyuka kafin su tayar. An kuma cire tambayar da ta fi kowace: in don tsoron Rasha ne, me ya kai ga kwashe matan Ankara da Bursa da Konya, garuruwan da ke nesa da bakin dāga da ɗaruruwan mil? Alkawari ya rage nauyin abin, amma ya faɗi wanda ya yi. Laftanan ya bar gawawwakin a fili ya ɗauke mai umurnin. Tsakanin laifin nan biyu akwai rata mai yawa, ba zan ce duk kanwar ja ce ba.

Yadda Laftanan ya ba da labarin ya yi kusa da matsayin da gwamnatocin Turkiyya suka daɗe a kai, cewa mutane da yawa sun mutu ta kowane gefe saboda yaƙi da yunwa da cuta, amma ba a yi niyyar ƙare kabila ba. Mafi yawan masanan da suka ƙware a kan al'amarin, har da waɗansu Turkawa irin su Taner Akcam, ba su yarda da haka ba. Kotun soja ta daular kanta, a Santambul cikin 1919, ta yanke wa Talat da Anwar da Jamal hukuncin kisa, ko da ya ke sun riga sun tsere. Wani saurayi Ba'armene ya harbe Talat a titin Berlin a 1921, kotun Jamus ta sallame shi. Shari'ar nan tana cikin abin da ya sa wani ɗalibin lauya, Raphael Lemkin, ya shiga tunanin me ya sa a ke hukunta wanda ya kashe mutum guda a bar wanda ya kashe al'umma. Shi ne ya ƙago kalmar da mu ke fassarawa da kisan ƙare-dangi a 1944, Majalisar Ɗinkin Duniya ta mai da shi laifi a dokar ƙasashe a 1948. Faransa ta amsa sunan nan ga abin da aka yi wa Armeniyawa a 2001, majalisar Jamus a 2016, Shugaban Amurka a 2021.

Wannan jayayya ita ta sa yin wasan ya yi wuya. Tun a 1933 wani marubuci, Franz Werfel, ya buga littafi a kan Dutsen Musa, kamfanin MGM na Amurka ya saye shi don ya yi silima, jakadan Turkiyya ya matsa, aka fasa. Alkawari bai samu ba sai da wani attajiri Ba'amurke ɗan asalin Armeniya, Kirk Kerkorian, ya zuba kuɗinsa, ya kuwa rasu a 2015 bai gani ba. An kashe wajen dala miliyan 90, abin da aka samu a gidajen silima bai wuce kimanin miliyan 12 ba. Wanda ya san wannan zai gane abin da ya sa wasan ya ke ɗoki, yana son ya cusa kome cikin sa'a biyu da 'yan mintoci, kamar mutumin da aka daɗe ana hana shi magana.

Saboda haka, ɗan aji biyu, amsarka ita ce ya auku, abin da ya auku kuma ya fi abin da ka gani muni. Ni dai zan nemi a sake nuna mana wasan a zango mai zuwa, amma ba daren Asabar ba. Zan so a yi shi da rana, a aji, da taswira rataye a jikin allo. In an zo wurin da Kiris ya hango ayarin matan nan daga kan tudu, zan sa a tsai da na'urar, in ba kowa zare da ma'auni ya bi hanyar daga Erzurum zuwa Kemah, zuwa Malatiya, zuwa Halab, zuwa Dairuz-Zur, ya lissafa kwana nawa mace mai goyo za ta yi in tana cin mil goma a yini. Zan kuma kawo hotunan da Armin Wegner, wani ma'aikacin jiyya na sojan Jamus, ya ɗauka a ɓoye a sansanonin hamada, ko da ya ke an hana ɗaukar hoto. Wanda ya ke da niyyar zuwa ya rubuta sunansa a takardar da zan liƙa a ƙofar ɗakin tarihi, don in san yawan zaren da zan saya.